Iyakar ₦800,000 ba ta bin farashi: yadda harajin albashi zai riƙa hawa daga 2026 zuwa 2030

Tun ranar 1 ga Janairun 2026 ake yanke wa ma'aikacin Najeriya harajin albashi da sabon jadawali, wanda ya zo cikin dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a ranar 26 ga Yunin 2025. Abin da ya fi zama a bakin mutane shi ne ₦800,000 na farko da aka ce babu haraji a kansa, kuma haka ne, babu. Sai dai wannan lamba an rubuta ta ne a naira tsurarta cikin jadawalin dokar, ba a ɗaura ta a kan farashin kaya ba. Haya a Kubwa za ta tashi, kuɗin mota daga Nyanya zuwa Sakateriya zai tashi, albashi ma wataƙila ya biyo su a baya yana ɗingishi, amma ₦800,000 ɗin yana nan inda aka ajiye shi har sai Majalisar Tarayya ta sake zama a kansa. Abin da wannan zai jawo a kowace shekara abu ne da ake iya lissafawa tun yanzu, kuma duk mai karɓar albashi a Abuja ya kamata ya iya wannan lissafi da kansa.

Jadawalin hawa shida ne, kuma da kuɗin shekara ake auna shi. ₦800,000 na farko ba a taɓa shi. ₦2,200,000 da ke biye, wato har zuwa miliyan 3, ana cire masa kashi 15 cikin 100. Daga miliyan 3 zuwa miliyan 12 kashi 18 ne, daga miliyan 12 zuwa 25 kashi 21, daga 25 zuwa 50 kashi 23, duk abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Kowane kaso yana hawa ne kan ɓangaren kuɗin da ya faɗa cikin matakinsa kaɗai. Wanda kuɗinsa ya kai ₦3,100,000 zai biya kashi 18 a kan ₦100,000 ɗin sama ne kawai, wato ₦18,000, a haɗa da ₦330,000 na matakin ƙasa. Saboda haka tsoron da wasu ke yi na cewa ƙarin girma zai jefa su mataki na gaba har su koma gida da ƙasa da abin da suka saba, a jadawalin nan ba shi da tushe. Akwai wuri ɗaya da hakan ke iya faruwa, a bakin mafi ƙarancin albashi, kuma za mu zo kansa.

Kafin a ɗora kuɗi a kan jadawali sai an fitar da abubuwan da doka ta yarda a cire. Akwai kuɗin fansho, wanda rabon ma'aikaci a ciki kashi 8 ne na albashin tushe da alawus ɗin gida da na sufuri a haɗe. Akwai kashi 2.5 na asusun gidaje na NHF, wanda tun 2023 ya zama ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. Akwai kuɗin inshorar lafiya, da inshorar rai, da kuɗin ruwa na bashin da mutum ya ci don mallakar gidan da yake zaune a ciki. Sai sabon abu, rangwamen haya: kashi 20 na hayar da mutum ya biya a shekara, amma kada ya wuce ₦500,000. Wannan rangwame shi ya maye gurbin tsohon rangwamen bai-ɗaya da kowa ke samu, wanda ya ƙunshi ₦200,000 ko kashi 1 na kuɗin shiga, duk wanda ya fi yawa, da ƙarin kashi 20 a kai.

Mu ɗauki misalin ma'aikaciya a wani ofis a Wuse mai albashin ₦300,000 a wata, ₦3,600,000 ke nan a shekara. A ce fanshonta ya kama ₦216,000, NHF ya kama ₦36,000, tana kuma biyan hayar ₦1,200,000 a Kubwa, wanda ya ba ta rangwamen ₦240,000. Idan aka cire ukun, abin da ya rage a ɗora wa haraji ₦3,108,000 ne. Miliyan 3 na farko sun kawo ₦330,000, ragowar ₦108,000 a kashi 18 ya kawo ₦19,440. Jimilla ₦349,440 a shekara, ₦29,120 a wata, kusan kashi 9.7 na albashinta. Da tsohuwar doka ce da ta biya ₦408,464. Ta samu sauƙin ₦59,024 a shekara, wajen ₦4,900 a wata. Amma a lura, ₦43,200 daga cikin wannan sauƙi daga rangwamen haya ya fito. Idan ba ta kai takardun hayarta ba, ko a gidan iyayenta take zaune, harajinta ₦392,640 ne, sauƙin ya koma ₦15,824 kacal a duk shekarar.

Shekara 14 a kan jadawali ɗaya

Wanda yake son sanin abin da zai faru da sabon jadawali ya duba abin da ya faru da tsohon. An kafa shi a gyaran 2011, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan: kashi 7 a ₦300,000 na farko, kashi 11 a ₦300,000 na biyu, kashi 15 da kashi 19 a ₦500,000 biyu masu biye, kashi 21 a ₦1,600,000, sannan kashi 24 ga duk abin da ya wuce ₦3,200,000. A waccan shekarar mafi ƙarancin albashi ₦18,000 ne, wato ₦216,000 a shekara, don haka sai mutum ya ninka ƙaramin ma'aikaci kusan sau 15 kafin ya taɓa matakin ƙoli. Dala tana wajen ₦155, ₦3,200,000 ya haura dala 20,000. Mataki ne na manyan daraktoci.

An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa ₦30,000 a 2019, aka sake ɗaga shi zuwa ₦70,000 a Yulin 2024. Jadawali bai gusa ba. An yi dokokin kuɗi na shekara-shekara a 2019 da 2020 da 2021 da 2023, an taɓa VAT, an taɓa harajin kamfanoni, an ma gyara yadda ake lissafa rangwamen bai-ɗaya, amma matakan nan shida ba wanda ya ɗaga su. Zuwa 2025 matakin ƙoli bai kai ninki huɗu na mafi ƙarancin albashi ba, a dala kuma da ƙyar ya wuce 2,000. Mai albashin da ke tsakanin ₦355,000 da ₦385,000 a wata, gwargwadon fanshonsa, ya riga ya shiga kashi 24 tare da shugaban banki. Babu ranar da aka fito aka ce an ƙara wa wannan mutum haraji. Riga ce aka ɗinka wa yaro yana ɗan shekara biyar, aka bar shi a cikinta har ya fara gemu.

Abu ɗaya ya rage wa mutane zafi a wancan lokacin: kashi 20 na rangwamen bai-ɗaya yana girma tare da albashi, shi ya sa komai yawan abin da mutum ke samu, harajinsa gaba ɗaya ba ya wuce wajen kashi 19. Sabuwar doka ta cire wannan. Abin da ta bayar a madadinsa, ₦800,000 da rufin ₦500,000 na haya, duka lambobi ne tsayayyu. Wannan ne ya sa masu samun abin da ya haura miliyan 20 zuwa 25 a shekara suka ga harajinsu ya ƙaru tun watan farko, kuma da gangan aka tsara hakan. Matsalar tana ga na ƙasa da su, waɗanda aka yi dokar don a sauƙaƙa musu.

Akwai gajeriyar hanyar lissafi da ke fito da lamarin fili. Duk wanda kuɗinsa na haraji ya tsaya a matakin kashi 15, harajinsa daidai yake da kashi 15 na dukan kuɗin a cire ₦120,000. A matakin kashi 18, a ɗauki kashi 18 na dukan kuɗin a cire ₦210,000. A kashi 21 ana cire ₦570,000, a kashi 23 ana cire ₦1,070,000, a kashi 25 ana cire ₦2,070,000. Gwada da ma'aikaciyar Wuse: kashi 18 na ₦3,108,000 ya ba da ₦559,440, a cire ₦210,000, saura ₦349,440, daidai da abin da muka samu ɗazu. Wannan kuɗin da ake cirewa shi ne dukan alherin da matakan ƙasa suke yi wa mutum, kuma shi ne hauhawar farashi ke ci. Idan farashi ya tashi da kashi 15 a shekara, albashi ya bi shi daidai, ƙarin harajin da ya hau kan mutum saboda jadawali bai motsa ba shi ne kashi 15 na wannan kuɗin.

Mu bi ta shekara-shekara. Kashi 15 ɗin nan zato ne don lissafi, kowa na iya sa tasa lambar. Mu ce albashinta da hayarta da fanshonta da NHF ɗinta duk suna ƙaruwa da kashi 15 kowace shekara, wato abin da kuɗinta ke iya saya a kasuwar Dutse ko Wuse bai ƙaru ba bai ragu ba. A 2027 albashinta ya zama ₦4,140,000, kuɗin da za a ɗora wa haraji ₦3,574,200, harajin ₦433,356. Albashi ya tashi da kashi 15, haraji ya tashi da kashi 24. A 2028 harajin ya kai ₦529,859, a 2029 ya kai ₦640,838, a 2030 kuma ₦768,464 a kan albashin ₦6,296,000 da ɗan ɗoriya. Rabon da gwamnati ke ɗauka ya tashi daga kashi 9.7 zuwa 10.5, zuwa 11.1, zuwa 11.7, zuwa 12.2, alhali ba ta ma bar matakin kashi 18 ba. Da a ce matakan suna tafiya da farashi, harajinta na 2030 ₦611,173 zai kasance. Bambancin ₦157,291 ne a shekara ɗaya. Idan aka tuna sauƙin da dokar ta ba ta a 2026 bai kai kashi 2 na albashinta ba, za a ga kafin ƙarshen 2029 rabon da ake ɗauka ya wuce kashi 11.3 da tsohuwar doka za ta ɗauka a kan albashinta na 2026.

A 2032, a kan wannan lissafi, hayarta za ta haura ₦2,500,000, daga nan rangwamen haya ya daina girma. Masu haya a Gwarimpa da Jabi da Wuse II da yawansu tuni suka wuce wannan rufin, don haka nasu harajin zai fi nata saurin hawa tun daga shekarar farko: duk ƙarin da mai gida ya yi musu daga aljihunsu zai fito gaba ɗayansa, babu ko kwabo da zai rage musu haraji.

Ita kanta iyakar ₦800,000, kafin ta riƙe darajarta ta 2026 har zuwa 2030, sai ta zama ₦1,171,000 idan farashi na tashi da kashi 10 a shekara, kusan ₦1,400,000 idan kashi 15 ne, ₦1,659,000 idan kashi 20 ne. A kashi 15, shekara biyar ta isa ta raba darajarta biyu. Kuma ba a daɗe ba aka ga abin da ya fi haka muni: hukumar ƙididdiga ta NBS ta ba da kashi 34.80 a Disambar 2024, sannan kashi 24.48 a Janairun 2025 bayan ta sabunta ma'auninta.

Wanda abin ya fi dannewa

Nauyin ba ya sauka daidai a kan kowa, kuma nan ne abin ya fi ci mana rai. Ɗauki direban ofis mai ₦80,000 a wata, ₦960,000 a shekara. Fansho ya ɗauke ₦76,800, yana biyan hayar ₦400,000 a Karu, rangwamensa ₦80,000. Abin da ya rage ₦803,200, harajinsa na duk shekara ₦480. Kusan ba komai, kamar yadda aka yi alkawari. Shekara ta zagayo, aka ƙara masa kashi 15 don ya cimma farashi, albashi ya koma ₦92,000 a wata. Idan hayarsa ma ta tashi da kashi 15, kuɗin da za a ɗora wa haraji ya zama ₦923,680, harajin ya koma ₦18,552. Buhun shinkafar da yake saya bai ƙaru ba, amma ₦18,000 sun fita daga hannunsa, kashi 1.6 na albashinsa. A wannan shekarar, abin da rashin motsa jadawali ya ci wa ma'aikaciyar Wuse ₦31,500 ne, ƙasa da kashi 0.8 na nata. Mai samun miliyan 100 da ya koma miliyan 115, nasa ₦310,500 ne, ƙasa da kashi 0.3. Gwargwadon ƙanƙantar albashi, gwargwadon girman rabon da ake yanka.

Maganar da ake yawan ji cewa duk mai ₦100,000 a wata ba ya biyan haraji, ita ma sai an auna ta. ₦1,200,000 a shekara, a cire fansho ₦96,000, saura ₦1,104,000. Kafin ya sauko ₦800,000 sai an sake cire masa ₦304,000, wanda a rangwamen haya yana nufin hayar ₦1,520,000, fiye da albashinsa na shekara. Idan babu wani abin cirewa, harajinsa ₦45,600 ne, ₦3,800 a wata.

Sai batun mafi ƙarancin albashi. ₦70,000 sau 12 ya ba da ₦840,000, ya ɗan haura iyakar, amma fansho na saukar da shi ƙasa, doka kuma ta keɓe mai karɓar mafi ƙarancin albashi daga haraji baki ɗaya. A yau tazarar ƙarama ce, ba ta cutar da kowa. Amma dokar 2024 ta rage wa'adin sake duba mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku, ma'ana 2027 za a sake zama. Mu ƙaddara an tsayar da ₦120,000, misali kawai. Mai karɓar ₦120,000 an keɓe shi, bayan fansho yana tafiya gida da ₦110,400. Abokin aikinsa da ya fi shi da mataki ɗaya, mai ₦125,000, kuɗinsa da za a ɗora wa haraji ₦1,380,000 ne a shekara, harajin ₦87,000, wato ₦7,250 a wata. Bayan fansho da haraji ya tafi da ₦107,750. Wanda ya fi albashi ya koma gida da ƙasa da abin da na ƙasa da shi ya samu. Muddin aka ɗaga mafi ƙarancin albashi aka bar ₦800,000 a wurinsa, wannan rami zai buɗe a kowace ma'aikata da ke da masinja da mai shara da direba.

Akwai wasu lambobin da su ma tsayayyu ne: miliyan 50 na diyyar rasa aiki da ba a ɗora wa haraji, wanda a da miliyan 10 ne, da iyakokin ribar sayar da hannun jari, miliyan 150 na ciniki da miliyan 10 na riba a cikin wata 12. Su ma lokaci zai cinye su, sai dai masu mu'amala da su kaɗan ne.

Wasu ƙasashen sun daɗe da toshe wannan kafa. A Amurka dokar da Shugaba Ronald Reagan ya sa wa hannu a 1981 ta sa tun 1985 matakan haraji suke tashi da kansu kowace shekara. Ana ɗaukar matsakaicin ma'aunin farashi na wata 12 da ke ƙarewa a ƙarshen Agusta, shi ya sa da zarar alƙaluman Agusta sun fito a Satumba, kamfanonin akantoci suke fitar da hasashen iyakokin shekara mai zuwa, kafin hukumar harajin Amurka ta IRS ta sanar a hukumance wajen Oktoba ko Nuwamba. Hasashen kan zo daidai ko kusa da daidai, domin hanyar lissafin a rubuce take cikin doka. Rangwamen bai-ɗaya na mutum guda ya tashi daga dala 12,950 a 2022 zuwa 13,850 a 2023, zuwa 14,600 a 2024, ba tare da majalisa ta kaɗa ƙuri'a ba. Kanada ma haka take yi. Birtaniya kuwa ta nuna ɗaya fuskar: ta daskarar da iyakarta a fam 12,570 tun Afrilun 2021, da sane, domin ta san hakan na kawo kuɗi ba tare da an ce an ƙara haraji ba. Afirka ta Kudu ta yi irin wannan a kasafin 2024 da na 2025. Bambancin shi ne a can daskarewa shawara ce da ministan kuɗi ke fitowa ya kare a gaban majalisa. A Najeriya shi ne halin da ake ciki idan ba wanda ya yi komai.

Ba kuma abin mamaki ba ne da ba a gaggawar gyarawa. Majalisar Tarayya ce ke yin dokar harajin kuɗin shiga, amma jihohi da Babban Birnin Tarayya ne ke karɓar kuɗin, kuma PAYE, wato harajin da ake yankewa daga albashi, shi ne kaso mafi girma na kuɗin shigar da yawancinsu ke tarawa a cikin gida. Duk shekarar da jadawali ya tsaya, asusunsu ya ƙaru. Mai asara shi ne ma'aikaci, shi kuma asararsa tana zuwa ne ₦1,500 ko ₦2,600 a wata, a ɓoye cikin ƙarin albashin da yake murna da shi.

Inda lissafi ke karkacewa a ofis

Tun da jadawalin ba a hannun ma'aikaci yake ba, abin da ke hannunsa shi ne kada ya biya fiye da abin da doka ta ce. Wuri na farko da kuɗi ke zubewa shi ne rangwamen haya, domin ba ya shiga da kansa. Sai ma'aikaci ya bayyana hayar da ya biya, ya kai rasit da yarjejeniyar haya sashen albashi. A Abuja galibi ana haɗa haya da kuɗin ejan da na lauya da na gadi da shara a biya dunƙule, doka kuwa haya ta ambata, don haka a nemi rasit da ya ware kuɗin hayar da sunan wanda ke neman rangwamen. Idan mai gida ya ƙara kuɗi a tsakiyar shekara, a kai sabon rasit, in ba haka ba akanta zai ci gaba da tsohuwar lamba. Ƙarin hayar ₦300,000 yana nufin ƙarin rangwamen ₦60,000, wanda a matakin kashi 18 ya rage haraji da ₦10,800. Wanda yake zaune a gidan kansa ba shi da wannan rangwame, sai na kuɗin ruwan bashin gida idan akwai.

Na biyu, ariyas da kuɗin wata na 13 da alawus ɗin da ke zuwa sau ɗaya. PAYE na wata-wata ana samo shi ne daga lissafin shekara. Wasu manhajojin albashi suna ɗaukar abin da aka biya a watan su ninka sau 12, don haka a watan da ariyas ya faɗo sai su ɗauka mutum ya koma mai miliyan 15 a shekara, su yanke masa a kashi 21. Daidai shi ne a haɗa kuɗin a kan jimillar shekarar sau ɗaya, a ga matakin da ya kai. Gajeriyar hanyar da muka nuna a sama ta isa a gane ko an yi kuskure: a haɗa duk abin da aka karɓa daga Janairu zuwa Disamba, a cire abin cirewa, a lissafa harajin, a gwada da jimillar abin da takardun albashi 12 suka nuna an yanke. Wanda ya canza wurin aiki a tsakiyar shekara shi ma ya duba, domin idan kowane ofis ya ba shi ₦800,000 ɗinsa daban, an yanke masa ƙasa da ƙa'ida, kuma bashin yana kansa. Haka mai albashi da ke da shago ko aikin kwangila a gefe: iyakar ɗaya ce ga mutum ɗaya, ana haɗa kuɗin shigarsa duka kafin a hau jadawali.

Na uku, inda kuɗin ke tafiya. Harajin mutum na jihar da yake zaune ne, ko da ofis ɗinsa a Garki yake. Mazaunin Kubwa ko Lugbe ko Gwagwalada nasa na hukumar harajin Abuja, FCT-IRS, ne, mazaunin Mararraba ko Masaka nasa na Nasarawa, mazaunin Suleja ko Madalla nasa na Neja. Sojoji da 'yan sanda da jami'an harkokin waje nasu na hukumar tarayya ne, wadda ta koma NRS daga FIRS. Jadawalin ɗaya ne a ko'ina, don haka adadin ba ya canzawa, amma idan ofis ya tura kuɗin wurin da ba nan ba, ranar da mutum ya je neman takardar shaidar biyan haraji don fili ko kwangila sai a ce ba a ga sunansa ba. Ofis yana da zuwa ranar 10 ga wata mai biye ya tura abin da ya yanke, da zuwa 31 ga Janairu ya miƙa bayanan ma'aikatansa na shekarar da ta wuce. Shi ma ma'aikaci ana son ya miƙa nasa bayanin kafin 31 ga Maris, kuma tarar rashin miƙawa ₦100,000 ce a watan farko, ₦50,000 a kowane wata bayansa.

Akwai kuma abin da ya shafi zaman neman ƙarin albashi. Mai son abin da yake kaiwa gida ya tashi da kashi 15 ba zai nemi kashi 15 ba. Ma'aikaciyar Wuse, bayan fansho da NHF da haraji, tana tafiya da ₦2,998,560 a 2026. Da ƙarin kashi 15, a 2027 za ta tafi da ₦3,416,844, ƙarin kashi 13.9 ke nan. Kafin ta cike giɓin ₦31,500 sai an ƙara mata wajen ₦41,000 a kan albashin shekara, domin shi ma ƙarin za a yanke masa fansho da NHF da kashi 18. Ƙungiyoyin ƙwadago da ke zuwa teburin sulhu da lissafin albashi kafin yanka suna barin wannan kuɗi a kan tebur.

Gyaran da ake buƙata sashe ɗaya ne a doka, kuma kayan aikinsa suna nan. NBS tana fitar da ma'aunin farashi kowane wata. Ana iya cewa a ɗauki matsakaicin wata 12 da ke ƙarewa a Satumba, a ninka matakan biyar da rufin haya da shi, a daidaita zuwa ₦10,000 mafi kusa, hukumar haɗin gwiwar haraji ta JRB ta buga sababbin lambobi kafin ƙarshen Nuwamba don ofisoshi su saita manhajojinsu kafin Janairu. Idan jihohi suka ce asusunsu ba zai ɗauki wannan gaba ɗaya ba, mafi ƙanƙantar abin da ya kamata a yi shi ne a ɗaure matakin farko da mafi ƙarancin albashi, a ce iyakar da ba a taɓawa ba za ta gaza albashin wata 12 na ƙaramin ma'aikaci ba. Wannan kaɗai ya isa ya rufe ramin da ke tsakanin mai ₦120,000 da mai ₦125,000. Lokacin kawo maganar shi ne zaman 2027, kuma ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC su ke da kujera a wurin: duk adadin da za su sa wa hannu, su nemi a rubuta sabuwar iyakar haraji a gefensa cikin yarjejeniya ɗaya, a kai Majalisa tare.